Satina na Abha

Ba zan taɓa mantawa da wahalar tafiyar Abha ba, ko da na so in manta. Bayana ya riƙe, mota ta yi zafi sau biyu a hanya, aljihu ya huje. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da har yau yake tsaya mini a wuya shi ne tukunyar shinkafa da kifin da na zauna na ci a masaukin mutane, ina ci ina zagin masu ita.

Ni direban bas ne. A unguwar Jarwal ta Makka aka haife ni, mahaifina ya zo daga ƙasar Kano yana saurayi bai koma ba. Makaranta na taɓa ta kaɗan na gudu. Aikina kwasar alhazai daga masauki zuwa Harami, in Hajji ya zo kuma Mina da Arfa. Mutum irina da wata yake lissafi: azumi, Shawwal, watan Hajji. Da su nake sanin lokacin aiki, da su nake sanin lokacin yunwa. Hutu kuwa, hutunmu shi ne ranar da mota take wurin bakanike.

A shekarun nan maƙwabta suka fara kwasar 'ya'yansu zuwa Dubai da Maleziya, su dawo da hotunan lilo da jiragen wasa. Yarana suka fara kallona. Na je na tambayi kuɗin jirgi na mutum biyar, da aka gaya mini na fito ko sallama ban yi ba. A wannan satin wani saurayi mai farar jallabiya da ƙamshin turare ya tare ni a babban kanti. Ya ce ba sai na sayi gida ba, sati guda kawai zan saya a kowace shekara, a wata shigga, wato sashen gidan bene mai ɗaki biyu da falo, a Abha, garin nan na kan duwatsu a kudancin Saudiyya, dab da malahi, wato filin wasan nan mai lilo da jirgin ƙasa mai hawa sama. Sauran satittikan na wasu ne, kowa da nasa da makullinsa. Ya yi ta magana, ni kuma ina ta hango kaina cikin sanyin dutse ina shan shayi. Na sa hannu. (Rabi, matata, ta ce ita ba ta taɓa jin an sayi Laraba da Alhamis ba, amma tunda na riga na biya, Allah ya sa alheri.)

A shekarar farko satina ya faɗo daidai bayan ƙaramar Sallah. Muka je, muka ji daɗi ƙwarai. Ruwan sama kusan kullum da la'asar, hazo na shigowa ta taga, a bakin titi kuma ga masu sayar da barshumi, ɗan itacen nan mai ƙaya da ake fere wa mutum ya sha. Abu ɗaya ne ya ɓaci. A malahi akwai wani ƙarfe da ake auna tsawon yara kafin su hau babban jirgin. Autata Safiya ta tsaya, ta yi ɗage, ta miƙe wuya, duk da haka ta gaza da yatsa biyu. Yayyenta maza biyu suka hau, ita ta tsaya a ƙasa tana kuka har da shessheƙa. Na ɗauke ta na ce baɗi war haka ni da kaina zan kawo ta.

Baɗi ta zo, aka yi wa Rabi aiki a asibiti. Ta gaba kamfani ya rage mana zirga-zirga. Sai kuma man fetur ya tashi, aka ɗora haraji a kan komai, har tikitin malahin na ji an ƙara. Abha da take kamar bayan gida ta koma wata ƙasa. Amma kuɗin gyaran shigga bai taɓa yin fashi ba. Kowace shekara sai sun aiko saƙo a waya, in biya ladan sharar ɗakin da ban gani ba. Saƙon dogo ne, ni kuwa in saƙo ya wuce layi biyu adadin kuɗin kawai nake dubawa. A majalisa dai ina nan ina cewa "gidana na Abha", abokai suna cewa masha Allah.

A azumin shekara ta huɗu, Safiya ta jawo ni bakin ƙofar ɗakinsu, ta nuna mini inda take zana tsawonta da biro. Ta wuce ƙarfen nan da kusan taƙi guda. Ta ce, "Baba, da an ce na yi kaɗan. In ka ƙara shekara biyu kuma kai za ka ce na yi girma." Na tattara abin da na samu na Umarar azumi, na raba biyu: na mai da na malahi. Masauki ba na buƙata, ai ina da gida. Muka ɗaure tukwane da buhun shinkafa da tulun gas a saman tsohuwar motata, bayan Sallah da 'yan kwanaki muka kama hanyar gaɓar teku da asuba.

Na'urar sanyin motar ta mutu tun kafin mu kai garin Lis. Muka yi ta dahuwa har muka fara hawan dutse. Da muka kusa gari Rabi ta leƙa ta taga ta ce ita ba ta ga masu barshumi ba, ko mutum ɗaya. Na ce mata sun tafi yawon Sallah. Ta ce ƙasar ma a bushe take, ba kamar wancan zuwan ba. Na ce ita ta zo hutu ne ko ta zo duba gona. Ta ajiye maganar don gaba, kamar yadda ta saba.

Mun isa bayan la'asar. Mai gadin gidan ba ya nan. Na hau bene da makullina, na murɗa, ƙofa ta buɗe. Abin da na fara gani takalma ne jere a bakin ƙofa. Cikin ɗaki akwatuna, abayoyi a rataye, carbi a kan kujera. A kicin ga tukunya a kan murhu, da sauran ɗuminta.

Mai hankali da nan zai tsaya. Ni nan na hau. Na ce wato wannan shi ne abin da ake yi mini: ina can ina gumi a Makka ina biyan kuɗin shara, mai gadi yana nan yana ba da hayar satina yana sa wa a aljihu. Rabi ta ce mu sauka mu jira mai gadin. Na ce mutum ba ya jira a ƙofar gidansa. Na sa samarin 'ya'yana suka kwashe akwatunan suka jera a barandar waje, ni da kaina na tattara takalman na zuba a leda. Sannan na buɗe tukunyar. Shinkafa ce da kifi, irin dahuwar mutanen bakin teku, ta sha albasa ta yi ja. Na ce abin da aka dafa a gidana da gas ɗina nawa ne. Rabi ta ƙi ci, ta hana Safiya. Ni da samarin muka zauna a tsakiyar falo muka naɗe hannun riga. (Gaskiya ɗaya zan faɗa, ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba.)

Ina tsotsar ƙayar ƙarshe aka murɗa makulli daga waje. Wani dattijo ne siriri, gemunsa ja da lalle, bayansa matarsa da 'ya'ya mata biyu da jika a kafaɗa. Ya dubi akwatunansa a waje, ya dubi tukunyarsa a gabana, ya yi sallama. Ko amsawa ban gama ba na miƙe da mai a hannu na fara. Na ce masa ya ji tsoron Allah. Na ce wannan satin da kuɗina na saye shi, shekara huɗu ina biya, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinsa ya cuce shi, ya je ya nemo shi. Muryata ta direban bas ce, maƙwabta suka fara buɗe ƙofofi.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya bari na gaji, sannan ya tambaye ni wane sati ne nawa. Na ce na bayan ƙaramar Sallah, kowa ya sani.

Ya ce, "Ya ɗan'uwa, Sallar wace shekara?"

Ban gane ba, sai da ya yi mini dalla-dalla kamar yaro. Satittikan gidan nan da watannin bature aka raba su, waɗanda ba sa motsi. Nasa na watan Yuni ne, shekara da shekaru a nan yake yin sa. Sallah kuwa kowace shekara tana matsowa gaba da kwana goma da wani abu. A zuwana na farko ta haɗu da farkon Agusta, sai na ɗaure satina a jikinta. Ita ta yi tafiyarta, satin yana nan inda yake. Na zo da wuri da fiye da wata guda.

Daga bayana na ji Rabi ta ce a hankali, da Hausa, "Shi ya sa babu barshumi."

Na tsaya da hannu a sama, mai yana gangarowa zuwa gwiwar hannuna. Maƙwabta suna kallo, matar dattijon tana kallon tukunyarta. Na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba, bene ne. Amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne lissafin da ya faɗo mini nan take. Otal a Abha cikin hutun Sallah zai cinye kuɗin malahi a dare ɗaya. In kuma na ce mu koma mu dawo a Agusta, ba ni da man zuwa biyu, kuma a lokacin alhazai sun cika Makka, ina bakin sitiyari. Na waiga. Safiya ta riga ta ɗauki jakarta ta rataya, ba ta yi kuka ba, ta tsaya kawai tana kallon ƙasa. Wannan ya fi kukan farko zafi.

Na ba da haƙuri, in abin da ya fito daga bakina sunansa haƙuri. Na fita na fara shigo da akwatunan da kaina. Dattijon, wanda na ji ana kira Abu Nasir, mai sayar da kifi ne daga Jizan, ya tsaya yana kallon yarinyar. Ya tambayi me ya same ta, Rabi ta gaya wa matarsa labarin ƙarfen awo, matar ta gaya masa. Sai ya riƙe hannuna da akwatin da nake ɗauke da shi.

Ya ce, "Wanda ya ci abincina baƙona ne, ko da bai jira an ce bismilla ba. Mata su ɗauki ɗakunan, mu maza falo ya ishe mu. Amma gobe kai za ka yi cefane."

Na yi musu na al'ada, ba mai ƙarfi ba, don ina tsoron ya yarda.

Bayan magariba muka ɗunguma malahi gaba ɗaya. Safiya ta je gaban ƙarfen nan ta tsaya, ko ɗage ba ta yi ba, mai tsaron ya ɗaga mata hannu ta wuce. Sai ta ce alkawarin shi ne ni da kaina, don haka sai na hau. Na yi shekaru ina juya bas a cunkoson Mina ban taɓa rufe ido ba, amma a wannan jirgin na rufe, na karanta duk abin da na haddace. Ita tana gefena tana dariya, mayafinta na dukan fuskata. Da muka sauko ta ce a sake. Na ce ta sake da 'ya'yan Abu Nasir, ni na cika nawa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In ka buɗe ƙofa ka tarar da tukunya da ɗuminta, to akwai mai ita, ko da makullin yana hannunka. In kuma matarka ta ce ba ta ga barshumi ba, ka tsaya ka ji ƙarshen maganar.

Washegari bayan asuba na tafi kasuwa na sayo kifi da albasa da gurasa mai zafi. (Abu Nasir ya juya kifin ya shinshina ya ce an cuce ni, amma ya karɓa.) Muna shan shayi na ce masa tunda ya raba satinsa da ni, nawa na bana ya zama nasa, ya zo da iyalinsa a wata na takwas, ni ina Makka da alhazai.

Ya ajiye kofinsa ya dube ni. "Wane na takwas ɗin, Agusta ko Sha'aban?"

Na miƙa wa Safiya wayata na ce ta duba mana dogon saƙon nan.