Sulken da Na Auna da Cikin Azumi

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba. Ɓas! Har yau in yaro ya fasa leda a bayan layi sai in ji hannuna ya kai kan tumbina ba tare da na aike shi ba. Amma bari in faro daga tushe, don in na soma da ƙarar za ku yi mini dariya tun ba ku san irin gwanintar da na zuba ba. Ni kuwa ina so duniya ta shaida cewa sulken nan ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau.

Ina da 'yar auta, Nusaiba, lokacin tana aji biyar na firamare. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, sai dai kunya ta yi mata katutu. Baƙo na yin sallama za ta shige bayan labule. A aji ta san amsa sarai, amma in aka ce ta tashi sai ta yi ta murza bakin hijabi har malama ta gaji ta wuce. (Uwarta Hadiza ta ce jinin Fulani ne. Na ce ai Fulanin ma da baki suke sayar da nono.) Abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa, don na san duniyar yanzu ba ta jiran mai noƙe-noƙe.

To malamar ajinsu, Malama Rifkatu, wata mutuniyar Kaltungo mai naci, ta shirya wasan kwaikwayo don ranar iyaye, wadda aka sa bayan ƙaramar Sallah. Labarin wani jarumin zamanin da ne da ya dawo daga yaƙi, da yarinyar da za ta tsaya gaban jama'a ta yi masa kirari. Malama ta kafe kai da fata Nusaiba ce za ta yi kirarin. Yarinya ta dawo gida da kuka, ta ƙi cin abinci. Sai da aka yi ta lallashi sannan ta ɗago da jajayen idanu ta ce, "In Abba ne jarumin zan yi. Amma kar ya sauka ya bar ni ni kaɗai." Na ce ko sama za ta faɗo ba zan sauka ba. Na faɗa da ƙarfi kuwa, har da dukan ƙirji.

Da na tambayi kayan sawa, Malama ta ce, "Ai Baban Nusaiba kar ka damu, kwalin taliya muke yankawa mu manna masa takarda mai ƙyalli." Ni? Mutum da girmana da gemuna in fito gaban jama'a cikin kwalin taliya? Na ce ta bar mini wannan. Na shiga waya na yi ta lalube har na ci karo da masu sayar da sulken roba, irin wanda ake turo maka gunduwa-gunduwa ka haɗa da kanka. (Kada ku tambaye ni nawa. Hadiza ma har yau ba ta sani ba.)

A farkon azumi kayan suka iso. Na ɗauko kwalin daga tasha, na zazzage a tsakar gidanmu da ke Barunde, sai ga farar roba fal: farantin ƙirji, farantin baya, na kafaɗu, na dantse, na ƙwauri, da kwalkwali rabi biyu, har da takobi. Hadiza ta leƙo daga kicin ta ce, "Abban Nusaiba, bahon wa ya fashe?" Na ci gaba da jera kayana.

Ashe aiki ne ja. Kowane yanki ya zo da rarar roba a gefe, sai ka yanke daidai jikinka, ka goge bakin da samfefa don kar ya yanke ka, ka ɗumama shi ka lanƙwasa, sannan ka manna da gam ka sa maɗauri. Kullum in na taso daga ofis, tsakanin la'asar da shan ruwa, ina kan tabarma da almakashi. Na karya almakashin ɗinkin Hadiza, na ƙona yatsa da tafasasshen ruwa, na manne babban yatsana da kwalkwali har sai da aka jiƙa da kananzir. Na'urar busar da gashinta kuwa, da ita na lanƙwasa kafaɗu, kuma tun daga nan ba ta sake hura iska mai zafi ba. Amma a hankali abu ya fara kama jiki. Na je Kasuwar Gombe na sayo fentin feshi ruwan azurfa da baƙi, na fesa, na goga baƙin a lungu-lungu don ya yi kamar ƙarfen da ya ga yaƙi. Nusaiba ce mai riƙe mini madubi, kuma ina jin ta tana maimaita kirarinta ƙasa-ƙasa kamar mai karatun sirri.

Ga inda na yi wautar. A goman ƙarshe na zo gyaran farantin ƙirji da na baya, su ne ke haɗuwa a haƙarƙari. Kun san jikin mutum a goman ƙarshe: ciki ya lafe, wando na zamewa, har ka fara ganin kanka saurayi. Da yamma kuwa nake awon, lokacin da ko yawu babu a bakina. Na ɗora faranti na ga akwai sarari, na yanke. Na sake ɗorawa, na sake yankewa. So nake ya zauna ɗas kamar da shi aka haife ni.

Hadiza tana yanka kankana tana kallona ta wutsiyar ido. Ta ce, "Ka bar wurin yatsu biyu mana. Wannan ba cikinka ba ne, cikin azumi ne. Naka yana hanya."

Na ce, "Hadiza, sulke ne ba babbar riga ba."

Ta ce, "To."

Duk mai aure ya san irin wannan "to" ɗin. Ni ma na san ta, amma na ɗauki reza na ƙara shafce gefen. Roba kuwa in ka yanke ta ta yanku, ba yadi ba ce da tela zai farke ya buɗa maka.

Sallah ta zo da abin da Sallah ke zuwa da shi. Kaji, waina da miyar taushe, dambun nama, cincin, ga ziyara gida-gida, kowane gida kuma in ba ka ci ba an yi fushi. Hadiza ta ce in yi sitta Shawwal tare da ita, na ce ai watan da tsawo. Sulke yana rataye a ɗaki lulluɓe da zani, ban sake gwada shi ba, don ina tsoron kar fentin ya goge.

Ana cikin haka surukaina suka zo daga Dukku, Baffa da Dada, don a duba idon Dada a asibiti. Sai ku gane wane ne Baffa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ganin kaina ba hula ba, gaisuwarmu ma kowa ƙasa yake kallo. Nusaiba kuwa ta je ta raɗa wa Dada cewa za ta yi wasa a makaranta, su zo su gani. Suka ce in Allah ya yarda.

Ranar da safe na shiga ɗaki na ɗora faranti. Ya ƙi haɗuwa. Tsakanin na gaba da na baya akwai wurin da hannu zai shiga. Na cire riga, saura kaɗan. Na cire singileti, na haɗiye numfashi, Hadiza ta sa gwiwa a bayana ta ja maɗaurin iya ƙarfinta har ya kama. Wanda bai ji bari ba dai ya ji hoho.

Amma da na kalli madubi, jama'a, na ga mutum! Azurfa na walƙiya, kwalkwali ya zauna, ga jan mayafi a kafaɗa, ga takobi. Zama ne kawai ba zan iya ba. Don haka a tsaye na tafi a bayan a-kori-kurar maƙwabcinmu, ina riƙe da ƙarfe, yara na bin mu da gudu, 'yan acaba na yi mini oda. Na ɗaga musu takobi. Ban taɓa jin kaina a sama irin na wannan safiya ba.

An kafa rumfuna a filin makaranta, iyaye sun cika maƙil. Saboda furfura aka kai Baffa da Dada layin gaba, dab da dandamali, kusa da hedimasta. Aka buga ganga na fito ina takawa ɗaiɗai (ba don ƙasaita ba, numfashi nake tattalawa). Wuri ya ɗauki tafi. Nusaiba ta fito da makirfo, ta fara kirarin da wata 'yar murya da ko ni da ke kusa da ita da ƙyar nake ji. Amma dai ta fara, kuma wannan kaɗai ya sa na ji ƙwalla.

Aikina a wasan guda ne tak. In ta kai tsakiya zan ɗaga takobi in yi jinjina in daka tsawa in ce, "Ni ne nan!" Don na ƙara mata ƙarfin gwiwa sai na ce bari in yi ta da gaske. Na manta da komai, na ja iska na cika ƙirji.

Ɓas!

Farantin ƙirji ya yi tsalle ya bar ni. Ya daki bakin dandamali, ya gangara yana juyi kamar murfin tukunya, ya je ya kwanta a kan takalmin Baffa. Na baya ya zame ya tsaya a ɗuwawuna. Sai ga ni tsaye da kwalkwali, da kafaɗun azurfa, da takobi a sama, a tsakiya kuma tumbi tsirara yana sheƙi da zufa, ga shatin maɗauri ja a kansa. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, sai filin gaba ɗaya ya ɗauka. Dada ta ja mayafi ta rufe fuska. Baffa ya ɗaga kai yana duban rufin rumfa kamar an ba shi aikin gyara ta.

Aka ce in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. To nawa ya zo. Ƙafafuna har sun juya wajen matakala, raina yana cewa in bi ta bayan ajujuwa in kama hanyar Bauchi kada in waiwayo. Sai idona ya faɗa kan Nusaiba. Ba tumbina take kallo ba, ƙafafuna take kallo, idonta cike da hawaye, tana jira ta ga ko za su tafi.

Na maido su. Na gyara tsayuwa, na ƙara ɗaga takobin, na ce mata a hankali, "Ci gaba, Auta. Ina nan."

Ta dube ni. Ta dubi jama'a. Ta share ido da bakin hijabi. Sai na ji wata murya ta fito daga lasifika wadda ban taɓa sanin tana gidana ba:

"Kun ga namijin duniya! Wanda ƙarfe ya kasa riƙewa! Ya gama da maza a daji, ya dawo ya gama da kajin Sallah!"

Wannan ba ya cikin abin da aka koya mata. Filin ya kaure, mata suka rangaɗa guɗa, Malama Rifkatu ta durƙushe tana riƙe ciki tana cewa, "Nusaiba, ke ce kuwa?" Yarinyar nan ta koma kan kirarinta ta kai shi har ƙarshe, da ƙarfi, ba gargada, tana nuna ni da hannu. Ni kuma ina tsaye ƙiƙam, rabi jarumi rabi mai shirin shiga wanka, kunya na cina, alfahari kuma ya cika ni har ina jin da akwai sauran maɗauri a jikina da shi ma ya tsinke.

Da muka koma gida na shige ɗaki na ce ko wa ya tambaya ba na nan. Can da yamma Hadiza ta shigo da farantin ƙirjin, an naɗe shi tsaf cikin ƙyallen da Baffa ke yafawa a kafaɗa. Ashe shi ya ɗauke shi ya riƙo har gida. Ta ajiye, tana danne dariya, sannan ta ce, "Baffa ya ba ni saƙo. Ya ce in gaya wa maigidana, shi bai ga komai ba. Amma da ka gudu ka bar yarinyar, wannan da ya gani."

Har suka koma Dukku ni da shi ba wanda ya ta da maganar, kuma har gobe ba za mu ta da ita ba. Farantin yana nan rataye a falo, duk baƙon da ya zo sai na nuna masa aikin fentin. Nusaiba yanzu ita ke wakiltar makarantarsu a muhawara, a gida ma ba mai kayar da ita a magana, har nakan ce ni na jawo wa kaina.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. Kada ka yanke komai da awon cikin azumi, ko roba ko yadi. In kuma matarka ta ce ka bar wurin yatsu biyu, ɗan'uwa, ka bar na huɗu.