Kakanmu Adam da Mashinsa

Duk ƙauyukan da ke gefen garin Hasahisa a ƙasar Sudan babu mai asali irin na Alhaji Falalu, yayan mahaifina. Albasa yake sayarwa, amma tafiyarsa ta mai komawa fagen fama ce. Amirul Jaishi, wato sarkin yaƙi, muke ce masa a bayan ido, ya ji, ya kuma karɓa.

Ba na ganin laifinsa duka. Tun yana yaro ake tambayarsa, "Ku asalinku daga ina?" alhali a nan aka binne cibiyarsa. Abin na ci masa rai, mu ma haka. Da ɗansa Umair ya nemi auren Sawsan, 'yar Ustaz Khalid, wani Balarabe malamin makaranta a Madani, danginta suka yi wannan tambayar. Falalu ya hau mota sai Hartum, gidan ajiyar tsofaffin takardu.

Ya dawo da hoton shafi guda na sunayen mayaƙan Mahadiyya. A can ƙasa an rubuta: Adam Takruri, mashi ɗaya. Babu sunan uba, domin magatakardan lokacin duk wanda ya fito daga yamma Takruri suke rubuta shi. Falalu ya ɗora yatsa a kai ya ce kakan babansa ne.

Mun yi masa dariya sosai, sannan kowa ya lallaɓa ya roƙi kwafi. Kafin kaka ta yi, Adam na rataye a gidan niƙa da shagon aski da rumfar mai shayi. Nawa yana saman gadona.

Ranar da Ustaz Khalid zai zo ganin gida, Falalu ya sa tela ya yayyanka sabon yadi ya yi masa jibba mai faci irin ta Ansar, mayaƙan Mahadi. Ya rataya takobin da ya sayo a kasuwar Omdurman.

"Ya Ustaz," in ji shi, "jininmu ya jiƙa ƙasa a yaƙin Karari! Ingilishi da ganin mashin kakana sai da suka ja da baya!"

Ustaz ya kurɓi shayi. Ya ce a hanya ya tsaya tambaya wuri uku, ko'ina ya ga takardar nan, kowa kuma kakansa ne. Shin Adam ɗin nawa ne?

Falalu ya aika a kira Inna Raliya, wadda ta girmi kowa a dangi, ta ba da shaida. Ba ta son Larabci, sai aka ce in fassara.

"Adam dai sunan kakanmu ne, wallahi," ta ce. "Daga ƙasar Sakkwato yat taso da mashi nai, da ya ji ana jihadi gabas. Sai dai mutum ne mai son noma. Garin da damina tat tarar da shi, sai ya tsaya. A Wadai har aure yay yi. Da ya iso bakin Nilu ya tambayi wani saurayi ina aka yaƙin. Yaron ya ce tun ba a haife shi ba anka gama, amma ana ɗaukar masu aikin auduga."

Falalu yana ta harara ta in rage. Ban rage komai ba.

"To mashin fa?" in ji Ustaz.

"Da shi ya riƙa huda ƙasa yana shuka dawa. Ya yi albarka, shi ke nan."

Umair ya sunkuyar da kai, na ji tausayinsa har cikin raina. Sai Ustaz ya fashe da dariya har da share hawaye. Ya ce a ƙasar nan da ba a rasa masu gaggawar zuwa yaƙi, gidan da ya makara shi yake so wa 'yarsa. Ya ba da ita nan take.

Falalu bai ji daɗin hujjar ba. Ya ce tsufa ya taɓa Inna, kuma ranar ɗaurin aure Madani za ta ga jikan mayaƙi.

Ranar kuwa, muna cikin mota tun hantsi shi yana gaban madubi yana gyara zaman takobi. A hanya ya tsayar da mu ya duba gonar albasarsa, ya ga ruwa ya ɓalle, ya tuɓe jibba ya shiga. Mu ma muka sauka taya shi. Da muka isa, wani kawun Umair ya riga ya karɓi aure, ana kwashe faranti.

Ustaz Khalid ya tare mu a ƙofa, ya dubi taɓon da ke ƙafafunmu, ya rungume Falalu.

"Ya Hajj, ajiye takardar nan. Jinin Adam ne ku, ba shakka."