Ciyawar da ta haɗiye tankinmu

Ina cikin shimfiɗa ciyawar roba a tsakar gidanmu na unguwar Aƙiƙ, a ƙasar hamadar da nake aiki, maƙwabcina Baba Usman ya leƙo ya ce, "Injiniya, ƙa'idar unguwar nan ba a rufe bakin tankin ƙasa fa." Na yi masa murmushin masana. Ni mai zana tituna za a koya wa shimfiɗa? Na manne ta bango zuwa bango, har na tura hotonta Kano.

Ranar sunan 'yarmu ruwa ya ƙare. Motar ruwa ta iso, direba na tambayar bakin tanki, ni kuwa na manta inda murfin yake. Baƙi cike da gida, ina ta rarrafe da babbar riga ina ƙwanƙwasa ciyawa.

Sai ga Baba Usman ya shigo. Ya jawo tiyo daga tankinsa aka gama girki, sannan ya laluba ya yanke ciyawar da ke kan murfin da wuƙa. Allah ya saka masa da alheri.

Sai dai a garin da hadari ke wuyar gani, kullum gaisuwarsa ita ce, "Injiniya, yaya ruwa?" Ni kuma dole in amsa, "Ruwa ya yi gyara, Baba."