Ranar da Sauro Ya So Zama Aradu

"Ni fa in na taɓa tsirkiyar nan, ƙasa ce ke motsi!"

Aradu ke nan, yana tsaye tsakiyar ɗakin da suke gwajin kiɗa, jitar bes rataye a wuya, ƙirji a gaba kamar zakaran da ya kori ɗan'uwansa. Shi ya raɗa wa kansa sunan fa, har ya sa aka buga masa a bayan riga. Amma duk ƙungiyar Sauro suke ce masa, don wallahi bes ɗinsa ba ta da maraba da kukan sauro a kunne. Ita kuwa bes ai so ake a ji ta a ciki, ta daki ƙirji. Tasa sai dai ziii.

Madugu, wato shugabansu kuma mawaƙinsu, ya ajiye makirfo ya ce, "Sauro, zo mu yi ta a fili. Ran Asabar manajan otal zai zo nan ya saurare mu. In ya yaba, mun samu wurin kiɗa na dindindin. In bes ɗinka ba ta yi kauri kafin ranar ba, ka huta. Bahago zai riƙe mana bes da hannun hagu a fiyano."

Bahago mai fiyano ya ɗaga hannun yana juya shi. "Dama zaman banza yake yi, bawan Allah."

Kai, maganar nan ta soki Aradu. A ce hannu guda ya maye gurbin mutum sukutum?

"Laifin fikof ne," in ji shi. "Ku ba ni zuwa Asabar. In na canza shi, sai kun riƙe tagogin nan da hannu."

Fikof ɗin, in ba ka sani ba, wani ɗan mayen ƙarfe ne da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. Shi ke jin motsinsu ya aika wa sifika. Shi ne kunnen jitar, ka gane?

Washegari sai ga shi a shagon kayan kiɗa. Mai shago ya dubi jitar, ya ciro wani ɗan madaidaici ya ce, "Wannan zai shiga ramin fikof ɗin jitarka daidai."

Aradu ya kalle shi sheƙeƙe. "Wannan ɗan tsigigin? Haba Oga. Siriri ai siriri zai haifa. Kauri nake nema, a ba ni mai kauri."

Idonsa ya faɗa kan wani ƙato a cikin gilashi, baƙi wuluk, kamar bulo.

"Wancan na jita mai tsirkiya biyar ne," in ji mai shago. "Taka huɗu gare ta."

"To ai shi ke nan, na samu gyara. Ƙarfin ta biyar ɗin sai ya rabu wa sauran."

Mai shago ya karɓi kuɗinsa, ya naɗe masa kayansa.

A gida, kan teburin ɗinkin yayarsa ya shimfiɗa jitar, don a wurinta yake zaune. Ya kwance tsohon fikof, ya ɗauko ƙaton ya gwada. Ina! Kamar ka ce za ka cusa ƙafar giwa a takalmin jariri. Wani da sai ya koma shago. Aradu kuwa sai ya shiga maƙwabta ya aro cizal da guduma wurin kafinta.

Ƙwas! Ƙwas! Ƙwas!

Yaya ta leƙo. "Auta, ice kake faskare mini a ɗaki?"

"Yaya, aikin injiniyoyi ne, ba za ki gane ba."

Bai rufe baki ba cizal ya ɓulla ta bayan jitar, ya shige cikin teburin. Ya ɗaga ta sama, sai ga idon Yaya yana kallonsa ta cikin ramin.

"Sannu injiniya," ta ce. "Taga ka yi mata?"

"Ta nan sautin zai riƙa shan iska."

Ya toshe ramin da kwali da salatif, ya danna ƙaton ciki. Sai ga wata sabuwa. Tsohon fikof waya biyu gare shi, sabon kuwa har huɗu, kowace da kalarta. Ya zauna ya zuba musu ido. Ja dai ai ƙarfi ne, baƙi kuma kalar rigarsa ce. Ya liƙa waɗannan da dalma. Sauran biyun ya ga sun yi maraici, sai ya murɗe su da na farkon gaba ɗaya, wai haɗin kai shi ne ƙarfi.

Shi kuwa mayen ƙarfen nan ba wasa ba. Kafin a jima ya kwashe alluran Yaya kaf, ya haɗa da ɗan almakashinta. Jitar ta koma kamar bushiya.

"Kin gani?" in ji Aradu, baki har kunne. "Abin da ya ja almakashi, ina ga sauti?"

"Ka gwada ta dai tukuna."

"Da me? Sifika tana ɗakin gwaji. Kuma Yaya, mai shakka shi ke gwaji."

Ranar Asabar da yamma, saboda tsayawa gyaran gashi, sai da ya makara. Ya tarar manaja har ya zauna a kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana duba agogo. Madugu ya watsa masa harara. Babu lokacin gwada komai. Aradu ya soka waya, mai ganga ya buga sanda, aka tashi.

Ɗan'uwa, sai ga bes!

Wata irin bes mai nauyi, mai maiƙo, irin wadda ke sa hanjin mutum rawa. Tagogi suka hau kakkarwa. Kofin ruwan manaja ya fara tafiya da kansa a kan tebur. Aradu ya washe baki. Ashe haka yake? Ashe duk shekarun nan ƙaramin fikof ne ya tauye shi?

Nan fa ya saki jiki. Ya ware ƙafafu, ya lumshe ido, ya karkata kai baya. Ya durƙusa, ya miƙe, ya juya jitar sama kamar mai harbin tsuntsu. Ya matsa kusa da Bahago yana yi masa gwalo. Shi Bahago ko ɗago kai bai yi ba, gumi kawai yake yi, hannayensa biyu na ta aiki.

Manaja yana gyaɗa kai, har da taka ƙafa. Da Aradu ya bari haka, da an tashi lafiya. Amma ina, kai ya riga ya kumbura. Yaya za a yi ganga da fiyano su raba yabon da shi?

"Tsaya! Kowa ya tsaya!" ya daka tsawa. "A bar ni ni kaɗai, Manaja ya ji asalin aradu!"

Madugu ya zaro ido yana girgiza masa kai. Bahago ya ce, "Sauro, rufa wa kanka asiri."

"Hassada! Ɗaga hannunka daga fiyanon nan!"

Bahago ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda aka tare a hanya.

Ɗaki ya yi tsit.

Aradu ya daki tsirkiya da dukan ƙarfinsa. Tsik. Ya sake. Tsik, tsik. Ya murɗa maɓalli har ƙarshe, ya girgiza waya, ya buga wa sifika ƙafa. Ko tari ba ta yi ba. Da can aƙalla akwai sauro. Yanzu sauron ma ya rasu. Ana cikin haka salatif ya saki, kwalin ya faɗo, wata allurar Yaya ta biyo shi, kowa ya ji ƙararta a ƙasa.

"Tun bugun farko na ji ba ka fita," in ji Bahago, "shi ne na sa hagu na rufa maka."

Mai ganga ya kifa kai a kan ganga, kafaɗunsa na rawa. Aradu ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige, ko ya shige ta ramin jitar ma ya isa.

Manaja ya tashi yana share hawayen dariya. Ya riƙe hannun hagun Bahago ya girgiza, ya juya wurin Madugu.

"Na ɗauke ku. Amma da sharaɗi. Wannan mai rawar, kada ku kuskura ku zo babu shi, baƙina za su so shi ƙwarai." Ya dafa kafaɗar Aradu. "Ka zo da jitar taka haka yadda take, samari. Wayar ma ba sai ka wahalar da kanka ka ɗauko ba."

Yanzu haka yana can kan teburin Yaya, ya tasa jitar a gaba yana leƙen duniya ta ramin, ita kuma tana tambayarsa ko ta ɗinka masa wandon rawa. To don Allah, kai da kai ne, za ka je ko ba za ka je ba?