Tafintan da Ya San Namijin Kalma

Wani mutum ne a unguwarmu, Lurwanu, amma in kana son zaman lafiya da shi sai ka ce Ɗan Sifen. Shekara uku ya ɓace ɓat, ko wasiƙa babu. Rannan sai ga shi da baƙin tabarau da malafa, wai daga Sifen yake. Tun daga nan teburin Ila mai shayi ya zama makaranta, shi ne shehun malami, sauran jama'a kuwa kifin rijiya.

Kullum karatun ɗaya ne. Zai kurɓi shayi, fuuut, ya ɗaga yatsa.

"Sifaniyanci ba yaren yara ba ne. Kalma biyu za ka gani kamar Hassan da Usaina, ɗaya namiji, ɗaya mace. Puerto, namiji, tashar jirgin ruwa. Puerta, mace, ƙofa. Plato faranti, plata azurfa. Ka kuskure, ka nemi azurfa a miƙo maka kwano!"

Ila ya ce, "To ai mu ma muna da namiji da mace a Hausa, Ɗan Sifen."

"Ila, dama shayinka. Ina ruwan biri da gada?"

Abin da jama'a ba su sani ba, duk ilimin nan bai wuce warƙar takarda ɗaya ba. Tsire aka taɓa naɗo masa a cikinta, shafin wani littafin koyon yare, kalmomi ashirin bi-da-bi, kowace da hotonta a gefe. Ya haddace su tsaf kamar karatun allo. Bayan su ko sannu bai iya ba.

Ana nan sai Alhaji Uzairu, dillalin fatu, ya aiko a kira shi. Wani Bature mai sayen fata, Ansalmu, zai zo daga Sifen, ba ya jin Turanci balle Hausa. Alhaji ya ce, "In ka fitar da ni kunya, ka zama tafintana na dindindin. Tafiyata ta gaba ma da kai za a yi."

Gaban Lurwanu ya faɗi, ras! Amma baki ya riga ya yanka wuya. Ya ce a ransa, Bature dai fata ya zo saya, me zai ce ban da a ba shi fata? Ga jirgin sama yana ƙyalli a idonsa. Ya bugi ƙirji, tim. "Alhaji, ka kwanta ka yi minshari."

Ranar Talata da hantsi aka hallara a majema. Warin jima ya cika wuri, ga bagaruwa jibge, ga fatu a shanye. Lurwanu ya toshe hanci da hankici yana takawa ɗai-ɗai kada takalminsa ya ɓaci. Can gefe Baba Gambo ne zaune, tsohon majemi, shekara hamsin hannunsa na cikin ramin jima, har faratansa sun rine.

Bature ya sauko daga mota, ya kama hannun Lurwanu, ya saki magana, ratatata, kamar ana gasa gugguru. Lurwanu ya kasa kunne ko zai ji ƙofa ko faranti. Ko ɗaya. Sai ya gyara murya.

"Puerto, puerta! Plato, plata!"

Bature ya yi sororo. Ya waiwaya ya dubi ƙofa, ya dubi Alhaji.

Alhaji ya ce, "Me ya ce?"

"Yana gaishe ka, da iyali, da gajiya. Na amsa masa da irin ta manya, shi ya sa ka ga ya yi shiru. Bai zaci zai same ta a Kano ba."

Aka zube wa Bature fatu. Ya durƙusa yana ɗauka ɗaya-ɗaya. Wannan ya murza, ya miƙar, ya goga a kumatu, ya ajiye dama a hankali. Waccan ya matsa wuyanta, ya sansana, ya yamutsa fuska, ya cilla hagu, fat! Yana yi yana surutu. Kafin wani lokaci an sami tsibi biyu.

Alhaji ya ce, "Wanne yake so?"

Lurwanu ya dubi tsibin hagu, fatu manya-manya masu kauri. Ya dubi na dama, sirara. Ai Bature ba zai ƙetaro teku don ƙaramin abu ba.

"Na hagu. Ya ce masu kaurin nan su ne fata, sauran tarkace ne."

Baba Gambo ya yi gyaran murya. "Alhaji, ni ban san bakinsa ba, amma hannunsa ba haka ya ce ba. Wanda ke son abu ba ya jifa da shi."

Lurwanu ya sauke tabarau zuwa kan hanci. "Ikon Allah! Ashe Baba ma ya yi Sifen ba mu sani ba? A wace unguwa ka zauna? Can ƙasar, abin da suke so shi suke jefawa. Al'ada ce."

Baba Gambo ya ce, "Allah ya ba da haƙuri," ya ci gaba da taunar goronsa.

Alhaji ya sa leburori su ɗaure tsibin hagu. Da Bature ya ga an fara kai wa mota, sai ya yi tsalle yana ɗaga hannu biyu. "No! No, no, no!"

Alhaji ya haɗe gira. "Lurwanu, wannan kam ko ni na ji ta."

Gumi ya karyo wa Lurwanu, sharkaf. Amma mai cika baki ba ya mutuwa da wuri. "Alhaji, abin da nake faɗa muku kullum ke nan. No ɗin nan mace ce. Namijin shi ne a'a. Macen kuwa, a ƙaro."

Aka ƙaro. Bature ya dafe kai, ya yi ja kamar gauta. Ya zaro waya ya latsa, ya yi ratatata a ciki, sannan ya buɗe murya ya miƙa wa Alhaji. Sai ga Hausa garau tana fitowa.

"Salamu alaikum, Alhaji. Sunana Nafi'u, ɗan Kano ne, ni ke masa aiki a nan Sifen. Ya ce fatar akuya yake so, mai laushi, safar hannu suke ɗinkawa. Ta bunsuru ya ware muku gefe, kuka ɗora masa a mota. Kuma yana tambaya, wai mutumin nan mai malafa lafiyarsa ƙalau? Tun ɗazu ba abin da yake ce masa sai tasha, ƙofa, faranti, azurfa."

Ido ya raina fata.

Alhaji ya ce, "Tafintana ne. Lurwanu. Shekararsa uku a wajenku."

"Lurwanu? Wani dogo mai wushirya?" Sai dariya ta ɓarke a waya, har da tari. "Wayyo cikina! Alhaji, ai tare muka tashi daga Kano. Muna isa Agadas ya hango Sahara, ya ce cikinsa na murɗa. A nan muka bar shi yana wa wata mai tuwo wanke-wanke. Faranti kam ya san shi, wallahi, wannan ba zan yi masa ƙarya ba!"

Leburori suka zube ƙasa suna riƙe ciki. Lurwanu ya ji kamar ya faɗa ramin jima a rufe da shi. Ya fara ja da baya, sumui-sumui, yana neman puerta.

Baba Gambo ya tare shi da fatu biyu, ɗaya a kowane hannu.

"Tsaya, malam. Na yare ya wuce. Ga na gida. Wanne ne namiji?"

Lurwanu ya duba, ya sake dubawa. Ya nuna siririyar.

Baba Gambo ya girgiza kai, ya kara masa mai kaurin a hanci, har sai da ya yi atishawa.

"Ɗana, ka san namijin ƙofa da macen faranti, amma bunsuru, wanda ko mai mura ke ganewa daga bayan katanga, shi ne ya gagare ka?"