Ranar da Na Kai Soja Allurar Toka

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin allurar Toka ta biyu ba. Toka 'yar kyanwata ce. Maƙwabciyarmu Hajiya Memuna mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, ce ta ba ni ita, ta riƙe ɗan'uwan Toka, Soja. Kamarsu ɗaya sak, sai dai Toka tana da ɗan fari a ƙafar hagu. (Ni na fara gano wannan, kuma har alfahari nake yi da shi a gida.)

Ranar allurar farko likitan dabbobi ya rubuta ranar allura ta biyu a kati, ya ce in na bari lokacin ya wuce sosai, sai an sake daga farko. Na rubuta ranar a bangon littafin lissafina, na rubuta a bayan ƙofa. Har Mma, mahaifiyata, ta ce ko ranar jarrabawata ban riƙe haka ba.

Da safen na makara. Na hango wutsiya a ƙarƙashin benci, na cafko, na tura a kwando, na rufe da tsohon zane, sai tashar Kejetia, na hau trotro, motar haya, zuwa asibitin dabbobi a Oforikrom. Duk hanya ina lallashi: "Yi haƙuri, Toka, yanzu za a gama."

Layi ya zo kaina, likita ya yaye zanen. Idona ya sauka a kan ƙafar hagu. Babu fari. Ko ɗigo.

Kuma maimakon in yi magana, sai na tsaya ƙiƙam ina kallon agogon bango. (Ni ce fa wadda ko fita fitsari ba ta iya tambaya a aji.) Likita ya zuƙi magani a sirinji, ya duba kati, ya ɗaga wutsiya, ya sake duba kati.

"Ƙanwata," in ji shi da ƙarfi, "wata guda da ya wuce mace kika kawo mini. Yaushe ta zama namiji?"

Wata tsohuwa mai riƙe da akuya ta yi dariya har ta saki igiya. Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Dokta, na maƙwabta ne."

Ya ce ƙarfe goma sha biyu yake rufewa.

Na iso gida na tarar da Hajiya Memuna a ƙofa da ludayi a hannu, ta gama zagaye layinmu tana kiran Soja. "Au, ke ce ɓarauniyar? Ni da na ce a unguwar nan babu mai natsuwarki!" Toka kuwa tana kwance a kan rigar makarantata, tana lasar farar ƙafarta.

Mun kai saura minti goma a rufe, an yi allurar. Ta uku ma na riƙe ranarta daram. Amma tun daga nan, kafin in rufe kwando, ƙafar hagu nake fara dubawa, sannan in ɗaga wutsiya.