Rasuwar Baturiya, Saura Minti Tara Ta Sauka Kano

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Abdulganiyu Mamman Ƙofa, malamin ƙaramar sakandare, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata ta cinya, wadda aka fi sani da Baturiya. Ta cika ranar Asabar da ta wuce, jim kaɗan bayan la'asar, a kan katifata, bayan gajeriyar jinya ta minti goma sha ɗaya. Shekararta tara a duniya: biyar a hannun wani Bature da ban taɓa gani ba, huɗu a hannuna.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, a cikinta ne wasan tuƙin jirgin sama yake. A kan wasan kuma akwai ƙarin wata manhaja da ke mayar da shi aiki sosai: ta ba ka kamfani, ta tsara maka tafiye-tafiye, ta ƙirga awannin da ka yi a sama, ta ƙara maka girma in ka cancanta. A nan ni da abokina Sha'aibu na Kiru muka kafa kamfaninmu, Jiragen Falgore. Da ɗan ƙaramin jirgi mai kujera huɗu muka fara. Shekara huɗu, kowace Asabar, har muka kai jirage bakwai.

Ina shaida cewa ni da hannuna na zaɓi tsarin da ake kira rai ɗaya. A wannan tsari ba a tsayar da wasa, ba a maimaitawa. In tafiya ta yanke jirgi yana sama, ko da wane dalili, manhajar za ta rubuta haɗari, ta rufe kamfanin, a koma kujera huɗu. Sha'aibu ya ce min, "Audu, wannan jarumtar a Ƙofa? Da wannan wutar tamu?" Na ce masa batirin Baturiya bai taɓa ba ni kunya ba. Kuma gaskiya na faɗa. Ba batiri ne ya kashe ta ba.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da ƙorafi. Ciwonta ɗaya: zafi. Da bazara fankar cikinta takan yi "fuuuuu" kamar mai hura garwashi. Maganin da na gano shi ne randar ɗakinmu. Nakan ɗora faranti a bakin randar, in ɗora ta a kai, in jawo kujera 'yar tsugunno, sanyin ruwan ya riƙe ta har mu sauka. Kowa a gidan ya sani, in Baturiya tana kan randa, mai ƙishi ya haƙura.

Ranar Asabar ɗin ce jarrabawata ta zama kyaftin. Babban jirgi, fasinja ɗari da arba'in da biyu, daga Jos zuwa Kano. Sha'aibu yana Kiru da waya a hannu yana jiran labari. Na tsallake duwatsun Doguwa lafiya. Na wuce Tudun Wada, na fara sauko da hancin jirgi. Saura minti ashirin.

Sai na ji sallama a zaure.

Malam Badamasi ne, mahaifin matata Bushra. Tun daga Doguwa, a cikin ranar nan, ba tare da ya aiko ba. Kafin in gama gane muryar, ga Bushra a kaina da moɗa a hannu.

"Ɗauke ta."

"Minti ashirin, Bushra. Don Allah."

"Baba ne fa! Ruwan jarka zan ba shi, mai zafi kamar shayi?"

Na kunna na'urar da ke riƙe jirgi ya miƙe da kansa, wadda ta iya tafiya amma ba ta iya sauka ba. Na ɗauki Baturiya da hannu biyu, na waiga, ba tebur, ba benci. Na ajiye ta a kan katifa. Na san katifa tana toshe mata numfashi. Na ce a raina gaisuwa ce, minti biyu.

Duk wanda ya san Malam Badamasi ya san ƙaryar da na yi wa kaina.

Na tuɓe takalmi, na durƙusa a gefen tabarma. "Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Abdulganiyu. Ya gida? Ya makaranta? Ya ɗalibai?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Ya Malam Mamman da ƙafar tasa?"

Daga ɗaki, ta labule, ina jin "fuuuuu" ɗin ya ƙara ƙarfi. Baba ya tambayi mahaifiyata. Ya tambayi gonar masara, da wadda ke bakin rafi. Ya tambayi kawuna da ya rasu bara, ya tuna, ya sake yi min ta'aziyya. Gumi ya jiƙa min riga. Ya dube ni ya ce, "Kai ma zafin nan ya taɓa ka. Bushra, ƙaro masa ruwan randar nan, akwai sanyi."

Sai "fuuuuu" ya koma "kirrr, kirrr". A shekara huɗu ban taɓa jin wannan kukan ba. Na ɗaga gwiwa ɗaya, na buɗe baki zan ce Baba ina zuwa. A daidai nan ya ɗaga hannuwansa biyu.

"Mu yi addu'a."

Jama'a, wa ya taɓa miƙewa surukinsa yana tsakiyar addu'a? Na mayar da gwiwata ƙasa. Ya yi wa gidan, ya yi wa zuriya, ya yi wa damina mai zuwa. Ina cewa amin, kunnena yana ɗaki. "Tit. Tit. Tit." Ya shiga yi wa iyaye da malamai. "Tiiiiit."

Sannan shiru.

Da aka shafa, na shiga ɗaki. Fuskarta ta yi baƙi, ƙaurin roba ya cika ko'ina. Agogon bango ya nuna saura minti tara mu sauka. A lissafina, jirgin yana daidai saman Bebeji.

Ina sanar da kowa cewa ban riƙe Bushra ba, ruwan baƙo haƙƙi ne. Ban riƙe Baba ba, addu'arsa muke nema. Katifar kuwa har yau ban kwana a kanta ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da sandar tuƙi mai ɗaure da robar taya, da jaka, da matuƙa biyu marasa aiki. Na kira Sha'aibu na faɗa masa. Sai kawai ya kashe wayar.

Mun kai ta wurin mai gyara a Kano. Ya ce gangar jiki ta tafi, amma ma'ajiyar bayananta tana da rai, ya ciro ya miƙo min a leda. Ya ce in an sa ta a wata kwamfutar za ta buɗe. Abin da bai sani ba shi ne, tana buɗewa manhajar za ta ga tafiyar da ta yanke, ta rubuta haɗari, ta rufe Jiragen Falgore. Sha'aibu ya ce mu buɗe mu huta, mu sake farawa daga kujera huɗu kamar maza. Ni na ce a'a.

Za a sa marigayiya a kwalinta ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, a ɗora ta a saman kabad a gidana da ke Ƙofa. Za a karɓi gaisuwa a zaure, kuma ana roƙon masu zuwa su taƙaita. Baba ya aiko cewa shi ma yana tafe, don haka mai abu a kan wuta ya sauke kafin ya fito. Allah ya musanya mana da mafi alheri.

Ma'ajiyar kuwa tana cikin ledarta a ƙasan akwatina, makullin yana wuyana. Muddin ba a buɗe ta ba, ba a rubuta komai ba. Mutanen Bebeji su yi haƙuri: akwai fasinja ɗari da arba'in da biyu a samanku, kuma ni ne matuƙinsu.